Yaron da ba ya magana ba ya cikin rajistar kowa

A ƙauyukanmu na Jigawa, idan yaro ya kai shekara 3 bai fara haɗa kalmomi ba, abin da za ka ji shi ne: "Nauyin baki ne, haka ubansa ya yi." In shiru ya yi yawa, a kira wanzami ya duba linzami, daga nan a koma rubutu da hayaƙi. Asibiti ne zangon ƙarshe. Ni kuma abin da ya fi damuna shi ne, ko an je asibitin, sau da yawa ana dawowa ba a rubuta komai a kan maganar ba.

Na raka ƙanwata da ɗanta, wanda sanƙarau ya kayar a lokacin rani, ya tashi ba ya waiwaye in an kira sunansa. Zuwa uku muka yi asibitin sha-ka-tafi, kowane zuwa sai ta faro labarin daga tushe, domin "zazzaɓi" kawai aka sa a katin. Da muka kai ga ƙwararriyar gyaran magana a birni, ta yi mana bayani mai gamsarwa, amma da baki. Abin da ta rubuta da Turanci ne, ya kuma zauna a fayil. Ƙanwata ba ta samu kuɗin motar komawa ba sai bayan kaka, kuma kafin lokacin rabin bayanin ya zube mata.

Gyaran magana ba allura ba ne da za a yi sau ɗaya a tashi. Aikin watanni ne, wani lokaci shekaru, kuma mafi yawansa uwa ce ke yi a tsakar gida. Dole a rubuta inda yaro ya faro: kalma nawa yake faɗa, ko yana gane "kawo buta" ba tare da an nuna masa ba, ko an gwada kunnensa, me ake so ya iya nan da wata 3. A rubuta har da harshen gidansu. Yaron da ya tashi a ruga da Fillanci, in ka gwada shi da hotunan Turanci ya yi shiru, me ka auna? Ko a Hausa ma, mai gwajin da bai kula da bambancin "k" da "ƙ", ko "d" da "ɗ" ba, ba zai gane inda tsamin bakin yake ba.

Rashin rubutun nan ba ya tsayawa a kan iyali ɗaya. Kowane wata ƙananan asibitoci na tura alƙaluma zuwa ƙaramar hukuma, a shigar da su DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara bayanan lafiya a ciki: haihuwa, riga-kafi, zazzaɓin cizon sauro. Da irin waɗannan ake tsara kasafi. Jigawa na da ƙananan hukumomi 27, Kano 44, to wane kwamishina ne zai nemi gurbin mai gyaran magana a Gumel ko Rano alhali takarda ba ta nuna masa yaro ko ɗaya ba? Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za ta ƙirgo masa su ba. Haka dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana: hawan jininsa na rubuce, bakinsa ba ya ko'ina.

Za a ce ma'aikatan lafiya na karkara rajista ta yi musu yawa. Gaskiya ne, na ga mutum ɗaya da littattafai jibge a gabansa ga layin mata har waje. Shi ya sa ban ce a ƙaro littafi ba. Uwa tana kawo yaro allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15. A nan a yi mata tambaya biyu: yana waiwaye in an kira shi? Ya fara gwaranci, ko faɗin kalma? A sa amsar a katin riga-kafin da ke hannunta, a ƙara layi ɗaya a rahoton wata. Duk wanda ya warke daga sanƙarau kuwa, a rubuta masa takardar gwajin ji kafin a sallame shi.

Su kuma ƙwararrun birni, su ba uwa nata kwafin, da Hausar boko ko ajami, layi biyar sun isa. Na ƙanwata ni na zauna na rubuta mata a bayan katin, iya abin da na tuna.