Laka ba ta mantuwa

Tun jiya maganar nan take ci mini rai. Mutum da iliminsa ya fito ya ce wai auna guba a lakar bakin teku ɓarnar kuɗi ce, tunda abin da na'ura ke ganowa bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan ba. Jama'a kuma suna ta yi masa tafi.

Malam, ƙanƙantar guba ba ta hana ta kisa. Ruwan teku yau ya shigo gobe ya fita, amma laka tana riƙe duk abin da aka zuba mata shekara da shekaru. Zaiba in ta kwanta a ciki, ƙwayoyin cuta na laka su mayar da ita nau'in da ke maƙalewa a tsoka. Tsutsa ta ci, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya haɗiye ƙarami, a kowane mataki gubar tana ninkuwa. Na ƙarshe a layin shi ne mai ciki da ɗan da ke cikinta.

Ku tambayi mutanen Minamata a Japan. A 1956 aka gano wata cutar jijiyoyi a cikin masu cin kifin gaɓarsu, gwamnati ba ta amsa cewa zaibar masana'antar sinadarai ta Chisso ce sila ba sai 1968. Daga 1977 zuwa 1990 ana ta kwashe lakar gaɓar ana binnewa, duk inda zaiba ta haura kashi 25 cikin miliyan. Sai a 1997 aka ce kifin wurin ya ciwu. Shekara 41!

Wai aikin da tsada. Eh, da tsada. Kwalbar da za a ɗebi lakar sai an wanke ta da asid, a sa safar hannu, a daskarar da samfurin, domin ƙurar yatsa kaɗai tana iya lalata sakamakon. To, a kwatanta wannan da kuɗin kwashe lakar gaɓa guda, ko da rayuwar yaron da aka haifa ba ya iya riƙe cokali.

Masu cewa mu ina ruwanmu da teku, busasshen kifi da jatan landen da ke kasuwanninmu daga ina ake kawo su?

Abin da ma ya fi ƙona mini rai, mu da muka ga Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara sama da 400, amma har yau samari a wuraren haƙar zinare suna murza zaiba da tafin hannu, su ƙona ta a kan garwashi, hayaƙin yana shiga hancinsu, yara suna wasa a gefe.