Wai na koma ƙauye hutawa

Jama'a ku bari in amayar da wata magana da ta daɗe tana cina. Tun da na ajiye aikin biro na koma gonar mahaifinmu can bayan Tibiri, duk wanda muka gamu cikin Maradi sai ya ce "kai dai ka huta, ba hayaniyar kabu-kabu ba kuɗin haya". Shekaranjiya ma ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, wasu Turawa ne ke abin da suke kira famakalca, tsarin da aka raɗa wa suna a Ostiraliya cikin shekarun 1970, wai a yi noma yadda daji ke riƙe kansa, ba ƙone-ƙone, icce da dabba da shuka kowa na ciyar da ɗan'uwansa. Ya ce Yaya ga irin rayuwarka nan, komai a sannu. Na yi dariya har na ƙware da fura.

A sannu kam gaskiya ne, amma hutu? Wallahi babu shi.

Shekarar farko na zo da kaina na ɗan lakkol, na sa aka yi sassabe ƙal, aka tara aka banka wuta, gona ta yi fes ina ta ɗaukar hoto. Ruwan farko ya sauka muka shuka hatsi, ya tsiro gwanin sha'awa, sai iska ta taso da rairayi kwana biyu ta binne shi. Sau uku na yi shuka a daminar nan. Maƙwabcina kuwa, wani dattijo da nake yi wa kallon rago a zuci saboda gonarsa duk kalgo da sabara, sau ɗaya ya shuka ya zauna. Da na je da kunyata ya ce "ɗana, gona ba tsakar gida ba ce da za ka share ta." Ya kama hannuna har gindin wani kututture da na sare, ga tofo ya fi 20, ya zaɓi huɗu masu ƙarfi ya datse sauran, ya rage musu rassan ƙasa, ya ce saiwar tana nan da ranta tun zamanin kakanka, kai dai ka daina yanka ta duk shekara. Na ce to Baba, sai yaushe? Ya ce kana sauri ne?

Sassaben zamani ke nan, kuma abin da ke ba ni haushi, nan jihar Maradi aka faro shi wajen 1983 da wani Bature Tony Rinaudo da manomanmu, yunwar 1984 ta sa mutane suka karɓa. Ku je Ɗan Saga ta wajen Agye ku gani da idonku. Ana lissafin kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da aka farfaɗo da su ta wannan hanya a Nijar, ba ramin dashe ba ban ruwa. Amma mu 'yan boko sai abu ya dawo mana da sunan waje cikin bidiyo sannan mu ce kai, ilimi!

Yanzu damina ta huɗu nake ciki. Kalgon ya wuce kaina, uwargida ta daina sayen icce, kashin awaki da tokar murhu duk rami guda suke shiga su koma gona. Gawo dai shi ne sarki, da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi kore shar ya zubo wa bisashe 'ya'ya, hatsin gindinsa kuma ko daga hanya ka hango ka san ya fi sauran. Sai dai waɗanda nake reno yanzu jikoki ne za su sha inuwarsu.

Abin da bidiyo ba ya nunawa: awakin gari da ake saki da rani su cinye renon shekara biyu a yini ɗaya, masu gatari da dare, rezo sai ka hau tudu, kuɗi kuwa sai kaka in an sayar da wake da gujiya, in yaro ya yi zazzaɓi tsakar dare ka san nisan likita. Akwai ranakun da nake kewar albashi, ba zan ɓoye ba.

Masu cewa za ku zo ranar Lahadi shan iska, bismillah, amma kowa ya riƙo adda, shingen ƙaya na gabas ya faɗi.