Yakuwa a kan ganyen ayaba

Watan jiya maƙwabciyata, dattijuwar da duk benenmu ke kira Anti, ta gayyace mu walimar tarewar ɗanta a sabon gida. Shekarata biyu a Haidarabad ta ƙasar Indiya tun da maigidana ya zo karatu, amma ranar na fara cin abincin taro a gidan da ba a ɗora nama. An jera mu a ƙasa, aka shimfiɗa wa kowa ɗanyen ganyen ayaba, aka yayyafa masa ruwa. Sai samari suka riƙa bi da ƙananan bokitan ƙarfe, wannan ya zuba farar shinkafa a tsakiya, wancan ya ɗiga man shanu, na bayansa ya kawo miya, kowace da gurbinta a gefen ganyen, aka rufe da kindirmo. Ko ƙwai babu. Na duba hagu da dama, ban ga wanda ya tona shinkafarsa yana laluben tsoka ba.

Lomar farko da na kai baki, sai da na tsaya. Yakuwa ce. Yakuwar da Inna ke tsinkowa a bayan ɗakinta a Katsina, da tsaminta da komai. Su suna ce mata gongura, sun dafa ta da wani ɗan wake rawaya ɓararre da ake kira dal, har ya narke. Ina cikin wannan Anti ta sunkuyo ta dafa kafaɗata. "'Yata, kina iya ci kuwa? Na san ku mutanen Afirka ba kwa cin abinci sai da nama."

Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Amma maganar ta kwana a raina.

Mu ne ba ma cin abinci sai da nama? Mu da Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita? A gidanmu ana iya mako guda ba a leƙa wajen mahauci ba, kuma babu wanda ya kwana da yunwa. Ƙosai da koko da safe, ɗanwake ko garau-garau da rana, kwaɗon zogale da la'asar, tuwon dawa miyar kuka da dare, daddawa ta ji. Ga alala, ga awara, ga dambu, ga faten wake. Da zan jera wa Anti waɗannan a kan ganyen ayabarta, sai ganyen ya kasa ɗauka.

To me ya sa ban ba ta amsa ba? Da na natsu sai na gane abin da ya ɗaure min baki. Mu da kanmu ba ma lissafa waɗannan a abincin da ake fita kunya da shi. Miyar da ba nama mun raɗa mata lami. Garau-garau kuwa shaidar cewa wata ya yi nisa ne. Mace za ta gwammace ta ci bashin kaza da ta ajiye wa surukarta kwaɗon rama, ko da surukar ta fi son kwaɗon. Ita kuwa Anti, ganyen da muke ɓoyewa idan an yi sallama shi ta ɗora a gaban manyan baƙinta, tana zagayawa tana tambaya ko a ƙara.

Kuma kayan namu ne kusan duka. Idan na shiga kasuwar manoma ta Mehdipatnam, irin waɗanda gwamnatin jiha ta fara buɗewa a 1999 don manomi ya sayar da kansa ba ɗan tsakiya, sai in ga kuɓewa, tsamiya, gyaɗa, alayyafo, gero da dawa. Zogale ma yana nan, sai dai su dogayen 'ya'yansa suka fi jefawa a miya. A Patancheru, gefen garin nan, akwai cibiyar ICRISAT da aka kafa a 1972 tana binciken gero da dawa da gyaɗa, kuma tana da rassa a Kano da kusa da Yamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 sukutum don gero da danginsa, Indiya ce ta kai buƙatar. Geron da muke gani abincin ƙauye.

Na je na zauna a kicin ɗin Anti na ga yadda take yi, kuma ko wadda ba ta taɓa ɗora tukunya ba za ta iya. Kofi ɗaya na dal, kofi uku na ruwa, kurkum da tumatir da ganyen yakuwa, a rufe a tukunyar nan mai busa usur. Ta busa sau uku ko huɗu, a sauke. Sirrin yana ƙarshe: a ɗora mai a ƙaramin kasko ya yi zafi sosai, a watsa tafarnuwa da busasshen barkono da wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu tartsatsi, a juye a kan miyar tana cuuu. Rabin awa bai cika ba. Na gwada da farin wakenmu bayan na surfa shi, ya yi, har ya fi min daɗi.

Ba na cewa komai nasu daidai ne. Ƙin naman nan a wasu gidaje ya haɗe da wariyar asali, har akwai masu gidan da ba sa ba mai cin nama haya. Galibin mutanen wannan jihar ma suna cin nama, garin ai da biriyani, dafa-dukar shinkafa da nama, ya yi suna. Ni ma ban ce a bar halal ba, ina jiran layya kamar kowa. Amma ko a kanti, kowane ƙunshin abinci da ba nama yana ɗauke da koren ɗigo, mutum ya ɗauka kansa a miƙe. Wannan nake yi mana kwaɗayi, musamman yanzu da duk wanda na kira a gida sai ya yi kukan tsadar nama kamar girki ya ƙare ke nan.

Duk da haka, miyarsu ba ta kai tamu ba, wannan ko a gaban Anti zan faɗa. Ba su da daddawa. Babu kayan ƙamshin da ke cike gurbinta, na nema na gaji. Wadda Inna ta ƙulle min a leda uku cikin gwangwanin madara ranar da za mu taho, saura dunƙule huɗu, sai Juma'a nake gutsura.

Ranar Lahadi na yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙulin da na matse da hannuna, na kai wa Anti a kwanon da ta aiko min da shi. Da dare na kira Inna na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kwaɗo kika kai wa mutane? Ko kuɗin cefane ne ya yanke muku, in sa yayanki ya turo?" Na ce a'a Inna, lafiya lau muke. Na tambaye ta ko yakuwar bayan ɗaki ta fito bana, ta ce ta fito har ta fara fure.