Uwar da ba a zo mata ta'aziyya ba

Jama'a, rubutun nan zai yi tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare.

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da Kiristocin Amurka ke rubutawa da Turanci, inda suke haɗa soyayya da farautar mai laifi da maganar imani a littafi ɗaya. Kasuwa ce babba a can. Kamfanin Harlequin na Kanada, wanda aka sani da littattafan soyayya, ya buɗe layin Love Inspired a 1997 don masu karatu Kiristoci, daga baya ya ƙara masa reshen labaran bincike da fargaba. Akwai kuma kamfanoni irin su Bethany House da Revell da Tyndale. Dokokinsu a bayyane suke. Ba batsa, ba ashar, ba a bin ma'aurata ɗakin kwana, kuma dole kafin a rufe littafi jaruma ta fi kusa da Ubangijinta fiye da yadda ta faro. Wata abokiyar aikina, Bahaushiya Kirista 'yar Malumfashi, ita ke ara mini su, tana sayo gwanjonsu duk sanda ta je Kaduna. Cikin waɗanda suka ratsa hannuna, jigon da ya fi dawowa shi ne yaro ya ɓata.

Ga ra'ayina tun kafin in yi nisa. Ƙarshen littattafan nan yaudara ce. Amma tsakiyarsu ta fi kusan duk abin da marubutanmu na Hausa suka rubuta a kan ɓatan yaro faɗin gaskiya, mu da abin ya fi yi wa katutu.

Tsarin labarin kusan ɗaya ne. Mace ce mijinta ya rasu ko sun rabu, tana zaune a ƙaramin gari da ɗanta tilo. Rana ɗaya ta juya baya, yaro ba shi. Sai ga jami'in bincike ko tsohon soja, dogo, ba shi da mata, shi ma da tabon da ke cin zuciyarsa. Suna neman yaro, ana neman rayuwarsu, suna addu'a tare, zuciya na karkata. A babin ƙarshe an kama mugu, yaro ya dawo lafiya ƙalau, an sa ranar aure a coci.

Wannan ƙarshen ne ke ba ni haushi. Uwar da ɗanta ya yi kwana uku ba ta san inda ya kwana ba, ina ta ga idon lura da faɗin kafaɗar ɗan sanda? Wani marubucin ma za ki ga yaron tsani kawai ya mayar da shi, a taka a kai ga auren. Ga kuma saƙon da ke ɓoye a ƙasa, wai in imaninki ya kai, za a dawo miki da ɗanki har da ƙarin miji. To wadda nata bai dawo ba fa, imaninta ne bai kai ba? Na yi wa abokiyar tawa wannan tambaya, ta ce ko a cocinsu fastocin kirki ba sa wa'azi haka, kasuwa ce ke son a rufe littafi ana murmushi.

Su dai marubutan Amurka suna da hujjar da mu ba mu da ita. A Amurka, bayan sace wata yarinya 'yar shekara 9 da kashe ta a jihar Tekzas a 1996, suka kafa tsarin gangamin nan na Amber, wanda cikin ɗan lokaci bayanin yaro zai bayyana a rediyo da talabijin da allunan manyan hanyoyi, yanzu har da wayoyin mutane. Tun 1984 suke da cibiya ta ƙasa mai aikin neman yaran da suka ɓata da kare waɗanda ake cin zarafinsu. Marubuciyar da ta ce an gano yaro cikin kwana biyar ba tatsuniya zalla ta yi ba. A nan Nijeriya ma hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP da kamfanin Meta sun kawo irin wannan gangami Facebook da Instagram a 2022, abin a yaba. Sai dai ku tuna a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan tamu ta Katsina saboda 'yan bindiga. Matar ƙauye a Batsari ko Safana, in ɗanta ya ɓata, abin da take da shi lasifikar masallaci ce da gidan mai unguwa da sanarwar cigiya a rediyo, in akwai kuɗin biya.

Duk da haka ban daina karanta su ba, saboda babukan tsakiya. A nan ne suke barin uwa mai imani ta yi kuka ba tare da an toshe mata baki ba. Za ki ga mace mai zuwa coci kowace Lahadi ta zauna a ɗakin yaron ta kasa addu'a. Ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta rufe. Matan coci su kawo mata abinci, ɗaya ta ce Allah yana da dalili, ita kuma ta ji kamar ta kore ta. Ta tambayi Ubangiji ina yake a lokacin. Marubuciyar ba ta sa kowa ya ce ta kafirta, ba ta kuma gaggauta shirya ta. Takan bar ta babi biyar, shida, a cikin wannan duhu, kuma mai karatu ba ya fita daga littafin yana ganin matar marar imani ce.

A unguwarmu nan cikin Katsina an taɓa aiken wani yaro kai niƙa da la'asar, har yau. Bayan magariba ladan ya ɗauki lasifika: ana cigiyar yaro ɗan kimanin shekara bakwai, baƙi ne, yana sanye da riga mai ruwan ƙasa, wanda ya gan shi ya taimaka ya kai gidan mai unguwa. Maza suka bazu da fitilun waya, aka duba kududdufi, aka je wurin 'yan sanda da asibitoci. Makon farko gidan ba masaka tsinke, mata na ta shigowa jaje. Mako na uku sai ɗaiɗai. Daga nan sai masu kiran waya, wannan ya ce ya ga mai kama da shi a tashar Jibiya a turo kuɗin mota, wancan malamin duba ya ce yaron yana gabas, a kawo baƙin bunsuru. Uban ya sayar da babur ɗinsa a kan irin waɗannan.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru da azumi. Uwar ta kai wa tela yadin kayan sallar yara, har da na wanda ba ya nan. Tela ya ce awon fa? Ta ce ya ɗauki na bara ya ƙara ɗan tsawo. Da surukarta ta ji, ta ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Wanda ya ba ki shi ya karɓa, ki yi haƙuri kar ki yi saɓo." Ta ce, "Inna, wa ya ce miki an karɓa? Kin ga gawa?" Tsohuwar ba mugunta ta yi ba, maganar da aka koya mata ke nan. Amma daga ranar matar ta daina ambaton sunan yaron a gaban mutane, kuma mutane suka ce alhamdu lillahi ta dangana.

Mu Hausawa mun iya mutuwa. Akwai wanka da sallah da makabarta, akwai zaman makoki, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowa ya san abin da zai faɗa da ranar da zai tashi. Ɓata kuwa ba ta da tabarma ba ta da ranar tashi. Shari'a ta yi wa babba tanadi. A mazhabar Malikiyya matar da mijinta ya ɓace ana yanka mata shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara gaban alƙali, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, dukiyarsa kuma ba a raba ta gado sai ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta ce wanda aka yi shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba kotu na iya ɗauka ya mutu. Duk wannan maganar aure da gado ce. Uwar yaro ɗan bakwai ba ta da auren da za a warware ko gadon da za a raba, saboda haka ba ranar da wani zai ce mata yau an gama. Wata malamar jami'a a Amurka, Pauline Boss, tun shekarun 1970 ta yi nazarin iyalan sojojin da suka ɓace a yaƙin Biyetnam, ta nuna irin wannan rashi yana daskarar da baƙin ciki, mutum ba ya iya makoki kuma ba ya iya ci gaba, gida ya rabu tsakanin masu jira da masu son a rufe maganar.

Kuma ba mutum ɗaya ko biyu ba ne. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce a 2022 tana da sunayen mutum sama da 25,000 da suka ɓace a Nijeriya, fiye da rabinsu yara ne lokacin da aka rasa su. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye suka tare a ƙofar makaranta, sai ranar 17 aka sako 344. Kwana shida ke nan, ku tambayi kowace uwa a cikinsu yadda suka wuce. 'Yan matan Chibok 276 tun Afrilun 2014, yawancinsu 'ya'yan cocin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har yau akwai gommai da ba su dawo ba. Leah Sharibu tun Fabrairun 2018 da aka ɗauke ta a Dapchi, an sako 'yan uwanta ɗalibai ita ba a sako ta ba.

Yanzu ku duba yadda littattafanmu ke yi da ɓatan yaro, daga na bugawa har na WhatsApp da Wattpad. Kishiya ta sa a sace jariri, ko a musanya shi a asibiti. Uwar ta suma, a yayyafa mata ruwa, malam ya yi mata nasiha, sai a rubuta "bayan shekara ashirin". Yaro ya zama likita ko matuƙin jirgi a gidan wani attajiri, ya kusa auren ƙanwarsa, a gane shi da tabo a kafaɗa. Shekara ashirin ɗin nan da aka tsallake da layi ɗaya, ai su ne labarin. Mun fi Amurkawan yaudara ma, don su aƙalla sun zauna da uwar kafin su yi mata ƙaryar ƙarshe.

Na san dalili. Marubuciya tana tsoron in ta sa jarumarta ta ce "Ya Allah, me na yi?" za a taso mata a ce ta koyar da saɓo. To mu buɗe Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau a aya ta 18, ya sake faɗa a aya ta 83. Aya ta 84 kuma, wadda ke biye nan take, ya juya musu baya ya ce ya baƙin cikina a kan Yusuf, idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. A ta 85 'ya'yansa suka yi masa irin maganar surukar nan, ba za ka daina ambaton Yusuf ba har ka lalace ko ka halaka. Ya ce ga Allah kaɗai nake kai kukana. Sannan ya ce su je su nemo labarinsa, kada su yanke ƙauna. Annabi ne, shekaru sun shuɗe, bai rufe maganar ba, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba. Abokiyar tawa ta nuna mini nasu a Littafi Mai Tsarki, Farawa sura 37, inda Yakubu ya ƙi yarda a ta'azantar da shi, da Irmiya 31 inda Rahila ke kukan 'ya'yanta. Marubutan Amurkan nan daga irin waɗannan wurare suke samun ƙarfin hali. Mu da muke da sura guda cur a kan uban da ɗansa ya ɓata, mu ne muka fi kowa saurin cewa a yi shiru.

Kafin wani ya ce me ya kai Musulma karanta littafin Kirista, labari na karanta, ba aƙida na je ɗauka ba, kuma inda suka kauce wa abin da na yi imani da shi ina gani. Wanda zai ce mutane hutu suke nema a littafi, ba ƙarin baƙin ciki ba, yana da gaskiya rabi. Ni ma ina karanta na nishaɗi. Amma matar unguwarmu tana sauraron littattafan da ake karantawa a rediyo da YouTube kamar kowa, kuma duk inda aka sace yaro, irinta ake sumar da ita a shafi ɗaya a wuce.

'Yan uwanmu Hausawa Kiristoci ma ban ƙyale su ba. Suna da Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, suna da waƙoƙi, suna da zumuntar mata mai ƙarfi, ga su a Malumfashi da Ƙafur da Funtuwa, tun 2023 Katolika ma ta ba Katsina dayosis nata, wato yanki mai bishop ɗin kansa. 'Yan bindiga ba su ware ƙauyukansu ba. Amma 'yarsu mai son irin wannan labari sai ta je Kaduna ta sayo gwanjon na Amurka.

Littafin da nake so wani ya rubuta, ko daga masallaci ya fito ko daga coci, soyayyar cikinsa ba sai an kawo baƙon jami'i ba. Miji da mata ne da suka yi shekara goma tare, ɗansu ya ɓata. Shi yana ganin laifinta don ita ta aike shi, ita tana ganin nasa don ya dawo cin tuwo har da ƙari. Danginsa na cewa ya ƙara aure ya huta da gidan kuka. Ana kiran waya da dare a faɗi kuɗin fansa, a sayar da gonar gado, a kai kuɗi da buhun shinkafa da katin waya, sannan a ce sai an ƙaro babur. Fargaba ai ba sai an ƙirƙiro ta ba. In marubucin ya ga dama ya dawo da yaron, to ya dawo da shi yadda suke dawowa, a rame, ba ya son a kashe fitila, yana firgita in babur ya wuce, uban kuma ga bashi har wuya. In bai dawo da shi ba, kar ya ƙare da wa'azi. Marubutan da ke bina a nan, wadda ta fara irin wannan ta turo mini babin farko, zan biya kuɗin karatu in kuma tallata mata a shafina.