Teburin majong a tsakiyar teku ya tuna min majalisar dara

Shekarata 9 a Houston amma sai bana na taɓa shiga irin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, shi ma maman yara ce ta matsa, ni da farko cewa na yi mutum ya biya kuɗi a kulle shi a otal mai yawo kan ruwa, ina daɗin? Daga Galveston muka tashi, tafiyar kusan awa ɗaya daga gida, zuwa tsibirin Cozumel na ƙasar Mexico, kwana 5. Akwai ranakun da jirgi baya tsayawa ko'ina, ruwa gaba ruwa baya, intanet kuma sai ka saya da tsada, toh a nan ne zaman ya fara isata.

Yawo nake a hawa na sama na ji wata ƙara kwaras-kwaras daga wani ɗaki kaman ana juye tsakuwa a faranti. Na leƙa, tebura ne guda uku, kowanne mutum huɗu, yawanci tsofaffin mata Turawa, suna cakuɗa wasu 'yan ƙwayoyi farare masu kama da yankan sabulu ƙanana. Wata dattijuwa da ta kai sa'ar kakata ta ɗaga kai ta ce sun rasa mutum ɗaya, ko na iya? Na ce Mama ko sunan abin ban sani ba. Ta ce zauna. Shikenan na zauna, kuma wallahi sai da aka kira cin abincin dare na tashi.

Majong wasan mutanen Sin ne, tun ƙarni na 19, sai wajen 1920 wani Ba'amurke Joseph Babcock da ya zauna a can ya kawo shi Amurka. Asalin saitin ƙwaya 144 ne: dangi uku, gora da ɗige-ɗige da masu rubutun Sinanci, kowanne daga 1 zuwa 9 kuma kowace ƙwaya sau huɗu, sannan iskoki huɗu, gabas kudu yamma arewa, da dodanni uku, ja da kore da fari, sai furanni. Ana jera su kife a yi katanga, kowa ya ɗebi 13, ka ja ɗaya ka yar da ɗaya har ka haɗa hannunka da ta 14. Wannan ke nan a taƙaice, amma na matan nan daban ne, nasu 152 ne saboda sun ƙara joka 8, kuma kowacce da wani kati a gabanta da aka rubuta hannayen da aka yarda a ci da su. Katin nan wata ƙungiya ce a New York take fitarwa, an kafa ta tun 1937, duk shekara sabo, sai ka saya, na bara ya zama tarihi. Kafin ma a fara sai an yi wani musaye da suke kira Charleston, ka miƙa ƙwaya uku dama, uku gaba, uku hagu, ni duk na ruɗe har na miƙa wa wata abin da nake buƙata ta yi min godiya tana dariya.

A teburin gefe akwai wani dattijo ɗan asalin Hong Kong da matarsa, shi ko kallon katin baya so ya yi. Cewa yake wannan ba majong ba ne, karatun jarrabawa ne. Rana ta biyu ya ja ni teburinsa ya koya min irin nasu, ba kati ba joka, jeri huɗu na uku-uku da tagwaye ɗaya, in wani ya yar da abin da kake so ka ce pung ka ɗauke. Nasu ya fi sauri kuma ya fi hayaniya, yana buga ƙwaya a tebur kaman ɗan majalisa ya saki janar maket a whot. A wajensa na ji wai sunan wasan ma daga tsuntsu ya samo asali, irin su gwara, don ƙarar cakuɗa ƙwayoyin kaman kukansu.

Ina zaune a wajen amma rabin hankalina yana Gusau. A ƙofar gidan kawuna akwai dalbejiya, bayan la'asar dattawa suke haƙa gurabe 30 a ƙasa, biyar sau shida, wannan ya ɗebi tsakuwa 12 wancan ya karya tsinke 12, ka jera uku ka ci ɗan abokinka. Ba a sayen komai, iska ta share gurbi gobe a sake haƙawa. Kuma in ana maganar wasan basira zalla ni dara zan ba, don babu sa'a a ciki, in an cinye ka kanka ne bai ja ba. Majong kuwa akwai rabo, ni da na koya jiya-jiya na ci dattijon nan sau ɗaya, abin da a dara sai ka shekara kana shan kashi kafin ka ga haka. Amma fa wannan rabon shi ne yake sa baƙo ya iya zama, ban raina shi ba.

Inda muka sha bamban sosai 'yan kallo ne. A wajensu in ba kai ke wasa ba ka kama bakinka. Na ga wata za ta yar da ƙwayar da bai kamata ba na ce kai kai kai, duk tebur suka juyo suna kallona kaman na yi sata. A majalisarmu kuwa 'yan kallo su ne rabin wasan, mutum goma a kan mutum biyu, wannan na cewa matsa nan, wancan na cewa Alhaji yau dara ta ci gida, mai shayi ma daga inda yake yana sa baki. Sannan mu wasan maza ne, ban taɓa ganin mace a bakin gurbin dara ba, nan kuwa mata ne suka riƙe abin, wasu sun ce shekara da shekaru duk mako suna haɗuwa gidan ɗaya daga cikinsu.

Na san wani zai ce malam ai caca ce. A Sin da Hong Kong da yawa da kuɗi suke yi, gaskiya ne, har gwamnatin Sin ta taɓa hana wasan bayan 1949 kafin daga baya a sake shi, a 1998 ma suka fitar masa da dokoki na gasa ba kuɗi. Jirgin kansa akwai gidan caca a hawa na ƙasa wanda ake buɗewa in an yi nisa da gaɓa, ko ƙofar ban bi ba. Teburinmu ko sisi ba a ajiye ba, kuma lokacin sallah na yi zan ce a jira ni, su jira.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, maƙwabcina na Houston shekara 4 muna gaisuwar ɗaga hannu daga mota, ban san sunan matarsa ba. Amma a kwana 3 na san dattijuwar nan mijinta ya rasu, na san jikanta na karatun likita, ita ma ta san sunan garinmu har tana ƙoƙarin faɗa tana cewa Gusa. Su sai sun biya kuɗin jirgi ko sun sa rana a kalanda kafin su samu abin da muke samu kyauta a gindin bishiya, mu kuma muna kiransa zaman kashe wando. Ni kaina na faɗi haka ina saurayi, na wuce su kawu ina jin ni ɗan boko ne. Su sun yi wa nasu ƙungiya da kati da gasa, mu yaranmu lido suke bugawa a waya, zuwana gida na ƙarshe gindin dalbejiyar nan an yi masa siminti an kafa shagon cajin waya.

Daren ƙarshe na ce ni ma bari in rama. Na zana gurabe 30 a bayan takardar jerin abinci, na ba ɗan Hong Kong sukari 'yan ƙulli 12, ni na ɗebi tsinken sakace. Wasa biyu na cinye shi tas, na uku ya yi shiru ya daɗe yana kallon takardar, matarsa na tsaye a kansa tana masa Sinanci da ƙarfi tana nuna gurbi da yatsa, ba wanda ya ce ta yi shiru. Ya ninke takardar ya sa a aljihun riga ya tafi da ita.