Motar Ta Yaro Ce

A hukumance motar ta ɗana ce. Haka na faɗa wa uwargida ranar da na shigo da kwalin, haka kuma nake faɗa wa duk wanda ya gan ni da rimot a ƙofar gida. Mota ce ta wasa, amma ba irin wadda ake tallatawa a goshin Sallah ba. Girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, da giyarta da tayoyinta masu ƙurji. Ta zo da inji mai buroshi, wanda ake kira 540, da batirin NiMH mai gida shida, kowane gida bolt 1.2, jimla 7.2. Tana gudu daidai misali, yaro yana binta a guje yana cin mata, kowa na zaune lafiya.

Waya ce ta shiga tsakani. Da daddare bayan kowa ya kwanta na riƙa kallon bidiyon wasu dattawa a Amurka, da furfurarsu da tumbinsu, suna tsaye a fili suna sakin irin wannan motar tana ɗaga ƙafafun gaba tana wucewa fiu. Bakinsu ɗaya: a cire inji mai buroshi a sa marar buroshi, a ajiye NiMH a ɗauko batirin litiyam da ake kira LiPo. Bayanin kuma ya shige ni. A tsohon injin akwai kabon guda biyu da ke gogar abin da ke juyawa, irin na janareta, suna cinyewa suna ɓata wuta a banza. A sabon kuwa koyil ce a jikin gwangwanin, maganaɗisu ke juyawa a tsakiya, ba mai gogar wani, sai wani ɗan akwati da ake kira ESC ya riƙa raba wa wayoyi uku wuta bi da bi. Na ce lallai an daɗe ana zaluntar yaron nan.

Tsarina na sayayya ya daɗe yana min aiki a kasuwar waya: idan lambobi biyu suka zo, ɗauki babbar. Da na shiga shafin masu sayarwa na tarar da injin da zai shiga gurbin tsohon, 3650, wato kaurinsa milimita 36, tsawonsa 50. A gabansa akwai wata lamba, KV, adadin juyin da zai yi a minti ɗaya kan kowane bolt idan ba a ɗora masa kaya ba. Akwai 3300, akwai 4300, akwai 5200. Na ɗauki 5200. Batirin LiPo kowane gida bolt 3.7 ne, mai gida biyu, 2S, yana ba da 7.4, mai gida uku, 3S, yana ba da 11.1. Na ɗauki mai uku, mai cin 5000mAh, an rubuta 50C a jikinsa. Har ɗan ƙaramin giyan bakin inji ban ƙyale ba, na motar haƙori 17 gare shi, na zaɓi mai 23. Sannan na ɗauko kalkuleta na buga 5200 sau 11.1, ta ba ni juyi 57,720 a minti. Na yi hamdala na kwanta.

Inji da ESC sun iso ba gardama. Batir ne ya tsaya, saboda masu jigilar kaya ta jirgin sama ba sa son ganin batirin litiyam. Allah ya taimaka ƙanina yana Guangzhou wajen saro kaya, na ɗora masa. Ba a yarda a sa irinsa cikin akwatin da ake aunawa ba, sai a jakar hannu, saboda haka ya rungumo shi tun daga Chana har Kano. Da ya miƙo min ya ce, "Yaya, na ɗauka na asibiti ne." Na ce na yaro ne.

Da na zo haɗawa, fulogin batir rawaya ne, XT60, na ESC kuma ja ne, irin wanda ake kira Deans. Ba su san juna ba. Na ɗauki kayana sai wurin wani mai riwaya a bakin titi. Ya jujjuya batirin ya ce, "Alhaji, ai wannan aikin minti biyu ne." Kafin in buɗe baki ya haɗa wayoyin biyu, ja da baƙa, a bakin filaya ɗaya ya datse. Wani tartsatsi ya tashi tas! Yaran shagon suka watse, wani mai babur da ke jiran layi ya bar takalminsa ɗaya. Da ƙura ta lafa muka duba filaya, ta yi giɓi.

Mai riwaya ya dube ni ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, wannan na motar yara ne?"

A nan na tsaya na yi masa lacca kan 50C ɗin nan. 5000mAh amfiya 5 ke nan na tsawon awa guda, ka buga 5 ɗin sau 50, a takarda batirin zai iya sakin amfiya 250 a lokaci guda. Masu sayarwa kan cika baki a wannan lambar, amma ko rabinta ya isa ya ci ƙarfe. Ya ce to da ka faɗa tun farko. Ya naɗe waya ɗaya da tef, ya liƙa ɗayar da dalma, sannan ya koma kan ta biyun, yana yi yana karanto abin da ya sawwaƙa. Kuɗin aiki ya haɗa da na filaya.

A gida kuma batir ya ƙi shiga gurbinsa, don mai gida uku ya fi tsohon kauri. Wannan ba ta dame ni ba, na yanko robar tsohon tif na ɗaure shi tam. Caji ne ya zama aiki. Cajar NiMH ba ta halatta gare shi ba, sai mai daidaita gidaje, wadda ake soka wa wani ɗan farin fulogi mai siraran wayoyi huɗu don ta kai kowane gida 4.2 cif, jimla 12.6, kada wani ya wuce ɗan'uwansa. A amfiya 5 wajen awa guda yake ɗauka, kuma doka ce ba a barinsa shi kaɗai. Cajar tawa bolt 12 take sha, wutar unguwarmu kuwa an kwana biyu ba a gaisa ba. Sai na buɗe bonet ɗin motata ta gaske na jona a batirinta, wanda dama tun bara yake neman ritaya. Na ɗauko kujera na zauna gadi. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, motar ce ta lalace?" Na ce a'a, ta yaro nake wa caji. Ta dube ni, ta dubi bonet, ta koma ciki.

Washegari motar gaske ta ƙi tashi. Yaran layi ne suka tura ni har bakin titi, wani daga cikinsu yana cewa, "Baba, ka hau ƙaramar mana."

Ranar gwaji bayan La'asar ce, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan taɓa digiri 40. 'Yan majalisa na zaune a gindin dalbejiya. Na ajiye mota a tsakiyar layi, hancinta na kallon gabas, ɗana a gefena yana cewa, "Abba, in karɓa?" Na ce bari in gwada maka tukuna. Na ja kunamar rimot. Mota ta yi yamma. Da baya ta tafi, ta shige ƙarƙashin benci ta kwashe butar Alhaji maƙwabcina, shi kuma ya ɗage ƙafafu sama yana a'uziyya. Wannan mai sauƙi ce: inji marar buroshi irin nawa, idan ya juya a karkace, wayoyi biyu cikin ukun za ka musanya, kowaɗanne. Na musanya, na ba Alhaji haƙuri, na sake cika masa buta.

Na sake ja a hankali. Mota ta yi kar-kar-kar tana karkarwa a wuri ɗaya. Injin nawa ba shi da sensa, saboda haka sai ya fara juyawa sannan ESC ke gane inda maganaɗisun yake, kafin nan lalube yake yi. 'Yan majalisa ba su san wannan ba. Wani ya ce, "A kira yara su tura ita ma." Aka kwashe da dariya. To ni kuma ba a min haka a gaban ɗana. Na matse kunama har ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ban gan shi duka ba, daga bakin shaidu na haɗa. Motar ta miƙe kan ƙafafun baya, tayoyin suka buɗe suka zama sirara saboda tsananin juyi, ta ratsa tsakiyar awakin gidan liman, ta wuce mai ƙosai wadda ta rungume kaskonta tana salati. Na karkata sitiyari don ta dawo, ta yi adungure ta faɗi kan ƙafafunta ta nufo mu. Majalisa ta tashi ba addu'ar rufewa. Haka ta riƙa kai da komowa, ni ina ta danne-danne da fuskar wanda ya san abin da yake yi, ɗana yana jan rigata: "Abba, in karɓa?" Can sai ta tsaya cak a ƙofar masallaci, inji yana ta ihu, taya ko motsi. Babban giyan roba ne, haƙoransa sun zube gaba ɗaya. Na kai yatsa jikin injin don in ji lafiyarsa. Sai da na yi sati ina sa hannu a takardun ofis da biro tsakanin babban yatsa da na tsakiya.

Akwai wani matashi a layinmu mai ɗaukar hoton biki da ɗan jirgin nan marar matuƙi, shi ma da irin waɗannan batura yake aiki. Da labari ya kai masa ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki injin ya karanta lambar, ya yi shiru na ladabi.

"Kawu, 5200 a kan 3S ka sa?"

Na ce eh, da giya mai haƙori 23.

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa ya ce lambobin nan ba tare suke hawa ba. Inji mai KV babba na ƙaramin batir ne, idan ka ƙara bolt sai ka sauko da KV. Giyan bakin inji kuma duk haƙorin da ka ƙara kaya ka ƙara wa injin, shi kuma ya ƙara zuƙar wuta, wutar ta koma zafi. Ya ce masu abin ba sa son inji ya wuce digiri 70 zuwa 80, don zafi na kashe ƙarfin maganaɗisu kuma ba ya dawowa. Ya juya sandar injin da yatsa, ta tafi salalo ba wata turjiya. Ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ya ƙara da cewa LiPo ba a shanye shi ƙasa da bolt 3 a kowane gida, shi ya sa ake saita ESC ya yanke wuta kafin nan, kuma idan za a ajiye shi a bar kowane gida wajen 3.8, a inuwa.

"Ina batirin ma, Kawu?"

Na ce na cika shi taf na ajiye a but ɗin mota don kada yara su taɓa.

"Motar da ke cikin rana?"

Bai jira amsa ba ya miƙe. Muka buɗe but, batir ya kumbura kamar fanke. Tartsatsin mai riwaya, da wahalar ranar gwaji, da kwanciya a cike cikin zafi, duk sun taru a cikinsa. Yaron ya ce kada a sake yi masa caji, kada a huda shi, kada a jefa shi a shara, don idan ya kama wuta ba ya jin lallashi. Tsautsayi ya sa uwargida na bayan ƙofa. A daren nan batir bai kwana a gidan ba, ni ma da ƙyar.

Shawarar da aka yanke ita ce a sa shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi a bayan gida, a jona masa ƙwan fitilar mota ya shanye wutar a hankali har ta ƙare. Tunda ba a barinsa shi kaɗai, bayan Isha'i na ɗauki dardumata na je na zauna a gabansa. Ga bokiti, ga abu a binne, ga wayoyi ja da baƙa sun fito daga yashi, ga ƙwai yana ci, ga ni da carbi don rage dare. Lokaci-lokaci in miƙa hannu in shafa yashin in ji ko ya yi ɗumi. Mutane na wucewa ta lungun suna sallama ƙasa-ƙasa, wasu ma sai su juya.

Yanzu motar na da inji 3300 da batir 2S da giyarta ta asali, juyi 24,420 a minti idan ka buga, kuma yaron nan mai hoto ne ya zaɓa. Ɗana ke tuƙa ta, ba ta taɓa buta ba, ni kuma an ba ni muƙamin mai caji.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji maƙwabcina ya ja hannuna gefe, ya duba hagu da dama. Ya ce shi ba mai shiga sabgar mutane ba ne, kuma maganar buta ta wuce har abada. Sai dai kasuwa ta yi masa nauyi bana, shago ba ciniki. Ya rage murya ya ce, "Wannan aikin na bokiti da ka yi, wane malami ne ya ba ka?"

Na ce masa daga Chana aka kawo min. Ya gyaɗa kai ya ce dama ya faɗa wa mutane ba na nan kusa ba ne, ya tambayi yaushe ƙanina zai koma.