Ba Kullum Mai Dannawa Ke Da Laifi Ba

Duk sanda manhaja mai cutarwa ta yi ɓarna, nasihar ba ta canzawa: kada ka danna abin da ba ka sani ba, ka duba adireshin shafi da kyau. To, amma mutum yana iya rubuta adireshi daidai, ya ga alamar kwaɗon kulle, mai nuna tsaro, a saman shafi, kuma duk da haka a sauke shi a gidan ɓarayi.

Matsalar tana cikin yadda saƙo ke gane hanya. Intanet tarin dubban cibiyoyin sadarwa ne, kuma tsarin da ke haɗa su, BGP, a 1989 Yakov Rekhter na IBM da Kirk Lougheed na Cisco suka zana shi a kan takardun goge baki. Kowace cibiya takan yi shela cewa adireshi kaza ta wurinta ake bi, maƙwabta su gaskata, su isar gaba. Babu mai neman shaida, domin a lokacin kusan kowa ya san kowa.

A Fabrairun 2008 kamfanin sadarwa na Pakistan ya so toshe YouTube a cikin ƙasar kawai, sai shelar ta tsallake iyaka, shafin ya ɓace wa yawancin duniya na kimanin awa biyu. Wannan kuskure ne. Abin da ya sami KlaySwap, dandalin kuɗin kirifto na Koriya ta Kudu, a Fabrairun 2022 kuwa da gangan aka yi. Masu kutsen ba su taɓa dandalin ba. Hanyar zuwa wata uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli, ta kamfanin fasaha na Kakao suka karkatar, inda shafin KlaySwap ke ɗauko wani ɗan fayil, suka ma samo takardar shaidar tsaro ta gaske, mai sa alamar kwaɗon ta bayyana, da sunan adireshin, sannan suka riƙa miƙa gurɓataccen fayil. Kimanin dala miliyan 1.9 suka kwashe. A nan wace nasiha za a yi wa mai asusu?

Shi ya sa nake ganin nauyin yana wuyan kamfanonin sadarwa. Magani akwai shi: RPKI, inda mai adireshi ke sa hannu ya bayyana cibiyar da ke da ikon shelarsa, saura kuma su yi watsi da shelar da ba ta dace ba. Abin da ke jan ƙafa shi ne, wanda ya kashe kuɗi ya tace shela galibi wasu yake karewa, ba ya ganin riba a littafinsa. Irin wannan aiki ba a barinsa ga ganin dama. Hukumomin da ke ba da lasisi su sa shi cikin sharuɗɗa.

Ba wai RPKI ya toshe kowace kafa ba. Mafarin shela yake tantancewa, ba dukan hanyar da ta biyo ba, kuma mabuɗinsa ma a hannun mutum yake. A Janairun 2024 wani ya shiga asusun kamfanin Orange na Spain a hukumar RIPE, mai rabon adireshi a Turai, da kalmar sirrin da manhajar sata ta ɗauke daga kwamfutar wani ma'aikaci. Ya dagula bayanan RPKI ɗin, intanet ya tsinke wa abokan hulɗa na sa'o'i. Kalmar sirrin mai sauƙin canka ce, babu kuma tantancewa mai mataki biyu a asusun. Sai bayan wannan ne RIPE ta wajabta ta ga kowa.